Ƙaramar tukunya

Talata. Zafi tun kafin rana ta fito.

Na tashi da sauƙi yau, kurajen ba su kai goma ba, duk a cinya da inda ɗaurin zani yake kamawa. Abbansu ya wuce da yara makaranta, ni kuma na ɗauki koren littafina na tari adaidaita zuwa asibiti. Layi bai yi tsawo ba, kafin sha ɗaya an kira ni.

Wata bakwai ke nan borin jinin nan yana tare da ni, sati takwas kuma da fara cika littafin. Kun san tsarin: abin da na ci, abin da na sha, ƙwayar da na haɗiya, sai maki biyu kafin in kwanta, na kuraje daga 0 zuwa 3, na ƙaiƙayi daga 0 zuwa 3. Idan aka haɗa na kwana bakwai, mafi muni shi ne 42. Satin farko 31 na samu. Satin da ya wuce 12. Da likita ta ga haka ta ce alhamdulillahi kafin ni ma in faɗa.

Sai ta ɗauki jan biro tana bin shafukan, tana zagaye ranakun da na ba wa kaina 6 cif, ranakun da jikina ya yi rudu-rudu har na kasa zama a kan keken ɗinki. Guda biyar ne. Ta juyo min da littafin ta ce in duba me ya haɗa su. Ni kuwa idona a kan abinci yake. Tuwon masara, shinkafa da mai, fate, tuwon masara kuma. Babu abin da ban ci a ranakun lafiya ba. Ta sa bakin biro a can gefen shafi, inda nake rubutu ƙanana, ta nuna min "ƙwayar ciwon baya". Huɗu daga cikin biyar ɗin, daren da ya gabace su na sha ta. Diklofenak ce, wadda nake aika a sayo min a kemis duk ranar da na raba dare ina ɗinki. Ta biyar ɗin ranar ɗaurin auren nan ce, da na wuni cikin leshi mai kauri a tsakiyar rana, gumi har tafin ƙafa.

Ta yi min bayani a nutse. A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke riƙe da wani sinadari, histamin. Idan suka sake shi, ƙananan hanyoyin jini sai su buɗe, ruwa ya tsattsafo ƙarƙashin fata, wurin ya tasa ya hau ƙaiƙayi, kafin kwana guda ya kwanta wani ya fito a wani wurin. Asfirin da ibufurofen da diklofenak dangi ɗaya ne, ba su suka kawo ciwon ba, amma ga mutane da yawa masu irinsa suna zuga shi. Farasitamol ba ya cikin danginsu, shi ta ce in koma wa. Zafi, gumi, matsattsen kaya, ruwan wanka mai zafi, rashin barci da damuwa, duk ta ce 'yan zuga ne.

Na ce, "To likita, kifi fa? Gyaɗa fa? Ƙwai da daddawa?"

Ta ce yaushe rabona da su. Na ce wata shida. Ta ce a wata shidan nan kurajen sun daina? Na yi shiru.

Tun zuwana na farko ta faɗa min wannan maganar, ni ce ban yarda ba, shi ya sa ta ce mu bar littafi ya raba mu. Idan abinci ne jiki ba ya so, in ji ta, ba ya ɓoye kansa: daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan an ci abin zai fito, duk sanda aka ci sai ya maimaita, idan aka bari kuma ya bari. Amma borin jinin da ya wuce sati shida yana zuwa kusan kullum, da wuya a samu abinci ne tushensa. Yawanci daga cikin jiki yake tasowa, garkuwar jikin ce da kanta take tsokanar waɗancan ƙwayoyin. Ta duba awona ta ce kilo shida na zubar, jinina kuma ya yi ƙasa. Ta ce in fara dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya, in bar kwana uku a tsakani, in ci gaba da rubutawa. Kifi kaɗai ta ja min kunne a kai, shi ma ba kowanne ba: irin su Titus ɗin da ya narke ya wuni a tire aka sake mayar da shi firji, domin histamin ɗin a cikin naman kifin yake taruwa, kuma suya ba ta kashe shi. Setirizin ɗina, ƙwayar da ke tare aikin histamin, ta ce in sha kullum, ko da kurji ko babu, kada in jira sai ya fito. Ƙari idan ya kama, ita za ta ƙara, ba ni ba. Deksan nan, wato deksametason, maganin kwantar da kumburi da aka taɓa haɗa min a kemis, ta ce kada in sake kusantarsa, yana kwantar da kurji a kwana ɗaya amma idan aka daɗe a kansa sai ya bar mutum da hawan jini da suga. Ta sake maimaita abin da take faɗa duk zuwa: ranar da harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ba a jiran gari ya waye.

Wallahi da na fito ji nake kamar an sauke min dutse. A bakin titi na tsayar da wata yarinya mai talla na sayi ƙuli-ƙuli na ɗari biyu, na sa a jaka ban ci ba, ƙamshinsa kaɗai ya ishe ni. Na kira Abbansu, ya ce yau da daddare tsire zai shigo da shi, na ce a'a, ɗaya bayan ɗaya aka ce. Muka yi dariya. Maimakon kasuwar Kwari da na yi niyyar shiga sayen yadin auduga, sai na ce wa mai adaidaita ya wuce da ni gida wajen Inna, in kai mata albishir da bakina.

Na same ta a bakin murhu. Tukunya biyu a kan wuta, babbar da ƙaramar.

Ƙaramar tawa ce. Tun ranar da Gwaggo ta ce ai borin jini daga kifi da daddawa yake, Inna ta ware ta. Miya ba daddawa, ba kifi, ba magi, ba gyaɗa, daga baya aka cire tumatir, aka cire yaji. Ludayinta ma daban ne, ba ya shiga babbar. Kullum bayan la'asar Auta zai ɗaure kwanon a bayan kekensa ya kawo min, ko ana ruwa ko ana hazo. Sau nawa na ce a bari zan iya da kaina, ba a taɓa amsa min ba, kwanon dai bai taɓa fashi ba.

Na gaishe ta, na zauna a kan turmi, ban ko cire mayafi ba na fara zuba. Na ce, "Inna, daga yau a huta da ƙaramar tukunya. Likita ta ce ba abinci ba ne. Ƙwayar ciwon baya ce take tayar da shi, da zafi. Ta ce ma ramar nan da na yi rashin cin abinci ne, jinina har ya yi ƙasa."

Ba ta juyo ba. Ta gyara icen da bai buƙaci gyara ba.

Ta ce, "To."

Na ci gaba, ina ba ta labarin jan biro da ranaku biyar. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "To madalla. Ai su ne masu ilimin." Ta kaɗa kuka a ƙaramar tukunyar, ta daɗe tana kaɗawa. Can ta ce, ba da ni take ba, da tukunyar take, "Ashe ramar da hannuna aka yi ta."

Na ce, "Haba Inna, ba haka nake nufi ba." Ta ce ta sani. Ta ce in tashi daga kan turmi in shiga inuwa tunda an ce zafi ba ya yi min. Daga nan ta ɗauko zancen kuɗin gawayi, da na auren gidan maƙwabta, ba ta sake komawa kan maganar ba har na yi mata sallama.

Tun a adaidaita abin yake cina. Ni 'yar fari ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, "ke" ce ko "yarinyar nan", ga ni da 'ya'ya uku. Ba ta taɓa tambayata jiki kai tsaye ba. Daren nan da leɓena da fatar idona suka kumbura aka kwashe ni asibiti, ta zo, amma a bakin ƙofa ta tsaya, Abbansu ta tambaya ko an samu sauƙi, ta juya. Auta ne ya faɗa min daga baya cewa ba ta runtsa ba, a kan dadduma gari ya waye mata. Bayan kwana biyu kwanon farko ya iso. Duk abin da kunya ta hana ta faɗa min shekara talatin da huɗu, a cikin kwanon nan yake zuwa, ni kuma yau na shigo da murnata na ce mata a huta da shi, har na ɗora da cewa shi ya ramar da ni. Da na tsaya na yi tunani minti ɗaya a zaure, da ba haka zan jera maganar ba. Zan iya fara gode mata. Zan iya cewa likita ta ce a fara sa daddawa kaɗan a tawa miyar, in bar mata tukunyarta a hannunta. Gaskiyar dai ɗaya ce, amma da ba ta faɗo mata a ka haka ba.

Kuma ba laifinta ba ne, ko kaɗan. Ba laifin Gwaggo ba ne ma. Duk wanda ya ga kurji ya fito wa mutum bayan ya ci abinci, abincin zai kama, tunda mutum sau uku yake ci a rana, ko yaushe abin ya fito za a samu abin da aka ci kafinsa. Ni da kaina na riƙa ƙara jerin. Ranar da ya tashi bayan na ci ƙwai na soke ƙwai, ranar da ya tashi bayan nono na soke nono. Babu wanda ya tilasta min.

Akwai kuma wani abu da sai da na dawo gida na zauna ya bayyana min. Lokacin da nake zaton kifi ne, ina da abin gudu. In ga shi in kauce, in ji na yi wani abu. Yanzu an ce daga cikina yake. Likita ta ce yawanci yakan tafi da kansa, wani bayan watanni, wani bayan shekaru, amma ba za ta iya sa min rana ba. Ta ambaci wata allura, omalizumab, da ake yi duk wata ga waɗanda ƙwaya ta gaza musu, ta ce ban kai can ba, kuma kuɗinta ba na masu keken ɗinki ba ne. Murnar safe tana nan, ban ce ta tafi ba, amma ta yi nauyi.

Ɗinkin Sallar mutane ko zare ban sa ba yau. Bayana ma yana ciwo, na sha farasitamol, ragowar diklofenak ɗin na ba Abbansu ya fitar min da ita daga ɗaki.

Ba wuta tun azahar. Wanka da ruwan randa sau biyu. Na yanke farce.

Ƙuli-ƙulin na ci guda biyu da la'asar, na zauna ina kallon hannuna da agogo har awa biyu suka cika. Ba abin da ya fito. Na rubuta. Na so in kira Inna in faɗa mata, na ɗauki wayar na ajiye.

La'asar ta wuce Auta bai zo ba. Magariba ta yi bai zo ba. Na ce wa Abbansu shi ke nan, na ɓata mata. Ya ce gobe in shirya da sassafe ya sauke ni a can kafin ya wuce kasuwa, kada in kai magana, in je kawai in taya ta tsintar shinkafa. Ina jin haka zan yi.

Ana kiran isha sai ga ƙarar keke a zaure. Wai taya ce ta yi faci. Kwanon dai shi ne, ɗaure da ɗankwalin nan mai ruwan ƙasa. Na buɗe, miyar kuka ce irin ta kullum, ba daddawa a ciki. Amma a kan murfin akwai ƙullin leda, daddawa ce dakakkiya, kamar cokali biyu. Na tambayi Auta ko ta ce wani abu. Ya ce cewa ta yi a faɗa wa yarinyar nan kada ta zuba yau, tunda an ce ɗaya bayan ɗaya, kuma ta ga ƙuli-ƙuli a jakarta.

Na sa ƙullin a kwalba, sai Juma'a.

Makin yau: kuraje 1, ƙaiƙayi 2.