Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara ga Matasa Masu Neman Tallafin Wasanni

Ƙannena masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyin wasa, masu tara yara da yamma a filin da ko raga babu, da ku nake. Kuɗin tallafa wa wasanni suna nan a duniya, kuma ba kaɗan ba ne. Na daɗe ina horar da yara ƙwallo, na kuma daɗe ina aika takardun neman tallafi ba tare da an ce mini ko uffan ba. A da cewa nake yi ai sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Daga baya na gane yawancin laifin nawa ne. Mai ba da tallafi yana zuba kuɗinsa ne a kan aikin da yake gudana kuma aka rubuta shi, ni kuwa aiki nake yi tuƙuru amma babu ko layi ɗaya a takarda da zai shaide ni.

Kuskurena na farko shi ne buga ƙofar da ba tawa ba. Na ji ana cewa FIFA na raba miliyoyin daloli, sai na zauna na rangaɗa mata wasiƙa. Gaskiya ne tana rabawa. Tun 2016 take da shirin da ake kira Forward, kuma a zangon 2023 zuwa 2026 kowace hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, cikin mambobinta 211, tana iya karɓar har dala miliyan 8: miliyan 5 na gudanar da harkokin yau da kullum, miliyan 3 na ayyuka irin su gina fili. Amma hukumar ƙasa ake ba wa, ba ƙungiyar unguwa ba. Haka ma shirin Olympic Solidarity na kwamitin Olamfik na duniya, wanda ya ware dala miliyan 590 tsakanin 2021 da 2024: ta hannun kwamitin Olamfik na kowace ƙasa yake bi. Rabonku a irin waɗannan kuɗi yakan zo ne a matsayin kwas ɗin masu horarwa, ko gasar yara, ko kayan wasa, kuma ba zai iso gare ku ba in hukumar yankinku ba ta san da zamanku ba. Ku yi rajista da ita, ku halarci tarukanta, ku tambayi lokacin da za a yi kwas.

Ƙofofin da ƙaramar ƙungiya za ta iya bugawa da kanta daban suke. Akwai gidauniyar Laureus Sport for Good da ta fara a 2000. Akwai Common Goal, wadda aka ƙaddamar a 2017 lokacin da ɗan wasa Juan Mata ya yi alkawarin ba da kashi 1 cikin 100 na albashinsa, wasu 'yan wasa da masu horarwa suka bi sahu. FIFA kanta tana da gidauniya tun 2018, mai wani shiri na tallafa wa ƙungiyoyin al'umma. Women Win, da aka kafa a 2007, ta mayar da hankali kan 'yan mata. Ofisoshin jakadancin Japan a ƙasashe da dama suna ba da tallafin ƙananan ayyukan al'umma tun 1989. Sannan akwai na kusa da ku, waɗanda muke rainawa: ma'aikatar matasa da wasanni, ƙaramar hukuma, kamfanonin da ke kasuwanci a yankinku, tsofaffin 'yan wasan da suka fita daga hannunku.

Kafin ku rubuta ko harafi ɗaya, ku karanta sharuɗɗan cancanta har ƙarshe. Na taɓa kwana ina cika fom na wata gidauniya, sai da na kai shafin ƙarshe na ga ƙungiyoyin wata ƙasa kaɗai take karɓa. Football Foundation, alal misali, wadda gasar Firimiya da hukumar ƙwallon Ingila da gwamnatin Birtaniya suka kafa a 2000, filayen Ingila take gyarawa. Komai kyan takardarku, in ba a can kuke ba, ba za a duba ta ba. Wasu kuma ba sa karɓar takarda sai wadda suka gayyata, wasu sai ƙungiyar da ta shekara biyu ko uku da rajista.

Abu na biyu da ya daɗe yana cutar da ni shi ne salon rubutuna. Wasiƙar bara nake rubutawa. Mu talakawa ne, yaranmu ba su da takalma, ku taimaka mana da riguna da kofi mu shirya gasa. Duk gaskiya ne, amma mai karantawa yana da ɗaruruwan takardu a gabansa, kowace tana kukan rashi. Abin da yake nema shi ne mene ne zai canza a rayuwar yaran bayan wata goma sha biyu, kuma ta yaya za a gane ya canza. Mafi yawan waɗannan gidauniyoyi ba cin kofi ne ya dame su ba. Wasa suke ɗauka a matsayin hanyar riƙe yaro a makaranta, ko raba shi da shaye-shaye, ko haɗa yaran da iyayensu ba sa ga-maciji, ko fito da yara masu naƙasa cikin jama'a. Abin takaicin shi ne muna yin kusan duk wannan tun da daɗewa. Dokarmu ce duk yaron da ya yi fashin makaranta ba zai taɓa ƙwallo a ranar ba, kuma yara da yawa sun koma aji saboda wannan dokar. Ban taɓa sa ta a takarda ba, domin a ganina ba wani abu ba ne. Ita ce kuwa mafi darajar abin da muke da shi.

Don haka ku sayi littafi yau, tun ba ku ga sanarwar wani tallafi ba. Ku rubuta sunan kowane yaro, shekarunsa, makarantarsa, ajinsa, da sunan mahaifi ko mariƙin da ya amince ya zo. Kowace ranar atisaye a kira suna. A wani littafin a rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, komai ƙanƙantarsa, har karo-karon da kuke yi na sayen ƙwallo. Ku riƙa ɗaukar hoto da izinin iyaye, ku adana shi da kwanan wata. In kun zauna taro, sakatare ya rubuta abin da aka yanke. Aiki ne mai gundura, na sani, kuma bayan an gama atisaye gajiya ba ta barin mutum ya riƙe biro. Amma sanarwar tallafi takan ba da 'yan makonni ne kawai, kuma a cikin 'yan makonni ba za ku iya ƙirƙiro tarihin shekara biyu ba. Wanda ya ce yara suna zuwa wurinsa da yawa, da wanda ya ce ga sunayen waɗanda suka zo aƙalla sau uku a mako tun bara, ga kuma nawa ne daga cikinsu suka koma makaranta, ba ɗaya suke ba a idon mai tantancewa.

Rashin littafin nan ne ya jefa ni cikin abin da har yau nake jin kunyarsa. Da aka tambaye ni yawan yaran da muke horarwa, sai na ƙiyasta, na kuma ƙara a kai don takardar ta yi nauyi. Aka turo wata ma'aikaciya ta ziyarce mu ba tare da dogon shiri ba. Ta ƙirga waɗanda ta gani, ta nemi rajista, babu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta yi godiya ta tafi, kuma ban sake ji daga gare su ba. Adadin gaskiya da muke da shi ya ishe mu samun tallafin. Ƙarin da na yi ne ya hana. Masu ba da tallafi sun san juna, suna haɗuwa a taruka, suna tambayar juna labarin ƙungiyoyi, saboda haka ƙarya ɗaya takan rufe ƙofa fiye da ɗaya.

Sai maganar tsari. Ku yi wa ƙungiyarku rajista bisa dokar ƙasarku, ku rubuta ɗan kundin tsarin mulki ko da shafi uku ne, ku naɗa kwamiti na gaske wanda ba danginku kaɗai ba, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Na shekara da shekaru ina karɓar gudummawa ta asusuna, ban taɓa cin ko sisi ba, amma ranar da wani ya yi zargi ban da hanyar wanke kaina, domin kuɗina da na ƙungiya sun cakuɗe. Mutum biyun nan da ma'aji na daban kariya ce gare ku kafin ta zama kariya ga kuɗin.

Daga ƙarshe mun samu wani ɗan ƙaramin tallafi, kuma a nan na yi kuskuren da ya fi kowane girma. An ba mu kuɗin ne don horar da matasa su zama masu horarwa, da sayen akwatin taimakon gaggawa, da ƙwallaye. Ana cikin haka aka gayyace mu wata gasa mai nisa, yara suka ƙwallafa rai, babu kuɗin mota. Na ɗebi na horon na biya, da niyyar in mayar. Ban iya mayarwa ba. A zuciyata ban ga laifi ba, tunda a kan yaran aka kashe. Amma kuɗin tallafi amana ce da aka ɗaure da sharaɗi. Kasafin da kuka sa wa hannu alkawari ne, kowane layi a cikinsa yana da inda aka nufa da shi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne masu ba da tallafi da yawa suna yarda a sauya wani ɓangare na kasafi in aka rubuto musu tun kafin a taɓa kuɗin, aka kuma bayyana dalili. Saƙo guda da ya wadatar. Ni kuwa na yi shiru, lokacin rahoto ya yi na fara kame-kame, wasu rasidan sun ɓace, wasu ma ban karɓa ba tun farko, na kai rahoto bayan wa'adi ya wuce. Ba a kai mu ƙara ba, ba a ce mu biya ba, an dai ƙi sabunta mana. Waɗanda suka yi asara su ne matasan da aka yi wa alkawarin horo, domin takardar shaidar da za su samu tana iya zama musu hanyar abinci.

Ku karɓi rasidi a kan kowane abu, ku ɗauki hotonsa da waya nan take, domin tawadar wasu takan goge cikin 'yan watanni. In wani abu ya lalace a aikin, yara suka ragu ko mai horarwa ya tafi, ku faɗa da wuri. Waɗanda ke wannan aiki sun saba ganin matsala, abin da ba sa yafewa shi ne ɓoye ta.

Game da dillalai ba zan tsawaita ba. Duk wanda ya ce ku biya shi kafin ya fito muku da tallafi, ko a tura kuɗin buɗe fayil, ko yana da mutum a ciki, ku rabu da shi. Na taɓa biya, ban ga komai ba. Gidauniyoyin gaske suna sanar da tallafinsu a shafinsu na intanet, kuma cika fom kyauta ne.

Akwai tambayoyi biyu da a da nake tsallakewa, yanzu kuwa kusan kowane fom yana ɗauke da su. Ta farko, ina 'yan mata? Ta biyu, wane mataki kuka ɗauka don kare yara daga cin zarafi? FIFA ta fitar da shirinta na kare yara mai suna Guardians a 2019, kuma gidauniyoyi da yawa ba sa ba da kuɗi ga ƙungiyar da ba ta da rubutacciyar dokar kare yara. Kada ku kwafo ta wasu ku manna don a gani. Ku zauna da iyaye ku tsara taku: babba ba zai keɓe da yaro shi kaɗai ba, ga wanda yaro zai kai wa ƙara in an cuce shi, ga yadda za a yi in za a kwana a tafiya. Ko ba a ba ku ko kwabo ba, wannan haƙƙin yaran ne a kanku. Batun 'yan mata kuma, in za ku fara, ku fara da gaske, da mace mai horarwa, da lokaci da wurin da iyaye suka aminta da shi. Sa sunayensu a takarda alhali ba sa zuwa, wannan ita ce ƙaryar da na ba ku labari a sama.

Ku kuma yi tunanin ranar da kuɗin za su ƙare, domin yawancin ƙananan tallafi na shekara ɗaya ne ko biyu. Mun saba aiki don Allah, sai tallafi ya zo na fara biyan masu taimaka mini alawus mai tsoka. Da ya ƙare, mutanen da a da suke zuwa kyauta suka daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba, ni na sauya musu lissafi. Ku fi ba da ƙarfi ga abin da zai saura bayan kuɗi sun tafi: ilimin masu horarwa, kayan da za su jure, yarjejeniyar amfani da fili a rubuce. Kada ku daina karo-karonku saboda an ba ku tallafi, hasali ma masu bayarwa sun fi son ƙungiyar da ke nuna tana zuba wani abu daga aljihunta, ko da lokacin masu aikin sa-kai ne aka ƙiyasta aka rubuta.

Ku nemi kaɗan da farko, abin da za ku iya kashewa ku kuma yi bayaninsa dalla-dalla, domin rahoto mai tsabta a kan ƙaramin tallafi shi ne shaidar da za ku haɗa da takardarku ta gaba. In an ƙi ku, kuma za a ƙi ku sau da yawa, ku rubuta cikin ladabi ku tambayi inda takardar ta gaza. Ba duka ne za su amsa ba, amma wasu suna amsawa, har su nuna muku sashen da ya yi rauni. Ku gyara shi, ku rubuta ranar da za a sake buɗe karɓar takardu, ku ba wani wanda bai san ƙungiyarku ba ya karanta sabuwar takardar ya faɗa muku abin da ya fahimta kafin ku tura.