Noti ɗaya ne ya ci min wufa

Kukan ya fara ne tun ranar da na gama haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a motata. Wani siririn fito ne ke fitowa daga tuwita, ƙaramar sifikar siririn sauti, in na taka totur ya hau, in na saki ya sauka, in na kashe inji ya ɗauke ɗif. Duk wanda ya taɓa haɗa sauti a mota ya san kukan altaneta ne wannan, na'urar da ke cajin batir, ya kuma san cewa wayar nagetif da aka ɗaure a jikin mota ake fara dubawa. Ni ma na sani. Na dube ta da ido, na ja ta da hannu, na ga ba ta motsi, na ce lafiyarta lau. Iyakar gwajin da na yi mata ke nan, kuma shi ya jawo min asarar wufa, babbar sifikar bes, mai inci 12.

A notin kujerar baya na ɗaure ta. Noti ne babba, ya ɗauru tam, waya kuma mai kauri ce, gej 4, daidai da wadda ta taso daga batir. Abin da ban lura da shi ba, ƙarƙashin kan wayar fenti ne lulluɓe, zaren notin kuma an shafe shi da gam tun daga kamfani don kada ya kwance. Wuta tana wucewa, amma da ƙyar. Amfilifaya tana kunnuwa, fitilarta kore shar, shi ya sa ban zarge ta ba.

Gwajin da ya ruɗe ni shi ne wanda kowa ke ba da shawara. Ka kashe komai, ka zare wayoyin RCA, waɗanda ke kawo sauti daga rediyo, daga jikin amfilifaya, ka tayar da inji. In kukan ya tafi, wai matsalar daga rediyo ce ko daga wayoyin. Na zare, kukan ya tafi. Sai na bar jaki na koma dukan taiki: na sayi sababbin RCA, na kwance kafet na bi da su ta gefen da babu wayar batir, na sake ɗaure nagetif ɗin rediyo. Kuka na nan. Ashe in nagetif ɗin amfilifaya bai kama da kyau ba, wutar da ta rasa hanyar komawa tana bin rigar wayar RCA ta koma ta rediyo. Zare RCA yanke mata hanya kawai ya yi, bai nuna mai laifi ba. A wasu rediyoyin ma wannan wutar tana ƙona siririyar hanyar nagetif ta RCA da ke ciki, sai kukan ya zauna dindindin ko an gyara komai. Nawa ya tsira, ban san ta yaya ba.

Da na gaji sai na sa ɗan akwatin nan da ake saƙalawa a tsakiyar RCA don kashe kuka. Ya rage shi sosai, ba ƙarya. Amma mai arha ne, ƙananan taransifoma ne a cikinsa, kuma sun cinye ƙasan bes. Nan na yi kuskuren da har yanzu yake ba ni haushi. Maimakon in tambayi kaina ina bes ya tafi, sai na murɗa geyin, maɓallin da ke daidaita amfilifaya da ƙarfin rediyo, ya wuce rabi, na ƙara maɓallin ƙarin bes zuwa dB 9. Amfilifayar da wuta ba ta isarta, aka kuma tilasta mata ta ba da abin da ba ta da shi, sai ta riƙa datse kan sautin. Sautin da aka datse zafi yake tarawa a koyil, naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa fatar wufa, kuma a cikin but, bayan kujera, kunne ba ya saurin jin ɓacinsa. Kwana tara aka yi. Sai wani wari kamar na robar da ta ƙone, bes kuma ya koma rabi. Wufar mai koyil biyu ce, kowanne om 4, na haɗa su gefe da gefe suka zama om 2. Da na sa mita, ɗaya ya nuna 3.6, ɗayan bai nuna komai ba. Na danna fatar da yatsu a hankali, na ji tana gurza.

Sai a lokacin na yi awon da ya kamata in yi tun ranar farko, wanda bai ci minti biyar ba. Inji na aiki, kiɗa mai bes na tashi, mita a kan DC. A kan batir volt 14.2. A bakin amfilifaya, in bes ya buga, yana faɗowa 12.6. Na ƙara doguwar waya a jikin mitar, baki ɗaya a nagetif ɗin batir, ɗayan a nagetif ɗin amfilifaya: ya haura volt 1. Wurin da ya kama da kyau bai kamata ya wuce kamar 0.2 ba. Awon om da mota a kashe ba ya tona wannan asirin, domin mita 'yar wuta kaɗan take turawa, ko ta kan fenti da tsatsa sai ta nuna maka kusan sifili. Sai an ɗora kaya ake ganin gazawar.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Na fara cire kan nagetif na batir. Na nemi ƙarfen ƙasan but mai kauri, na leƙa ƙarƙashi na tabbatar babu tankin mai, bututun birki ko wayoyi kafin in huda. Na kankare fenti da samfefa, faɗin da ya ɗan fi kan wayar, har ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli. Na rage wayar zuwa santimita 40, na matse mata sabon kai da abin matsewa, ba da filaya ba, na sa washa mai haƙora, na ɗaure da noti ta ƙasa, sannan na fesa fenti a sama don tsatsa. Na kuma goge inda nagetif ɗin batir ya haɗu da jikin mota a gaba, don ta can wutar za ta ƙarasa. Awo ya dawo 0.1. Na cire akwatin kashe kuka, na taka totur har inji ya kai juyi 3000 a minti, shiru. Notin kujera da na bel ku bar su su yi aikin da aka yi su dominsa.

Da sabuwar wufa ta zo ban ƙara yarda da kunnena wajen geyin ba. Geyin ba maɓallin ƙara murya ba ne, daidaita amfilifaya yake yi da ƙarfin da rediyo ke turo mata. Lissafin shi ne a ninka wat na RMS, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai, da om, a ciro tushen adadin, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Tawa wat 500 ce a om 2, wato 1000, tushensa volt 31.6. Na zare wayar wufa, na mayar da bes da tirebul na rediyo sifili, na kashe duk wani ƙarin bes, na kai murya kashi uku cikin huɗu, na sa sautin gwaji na 50Hz, mita a kan AC a bakin fitar sauti. Na murɗa geyin a hankali, na tsaya a volt 30. Ko kashi ɗaya cikin uku na zagayensa bai kai ba, ni kuwa da na kai shi fiye da rabi. Na sifikun ƙofa haka na yi da 1kHz: wat 75 a om 4, volt 17.3. Wannan lissafin yana aiki ne in wat ɗin da aka rubuta na gaskiya ne, ba manyan lambobin jikin kwali ba.

Matatan sauti ba su ba ni wahala ba. HPF na ƙofofi, mai hana su bes, a 80Hz, LPF na wufa, mai barin bes kawai ya wuce, a 80Hz, kuma da yake akwatin mai rami ne, na sa matacin ƙasa, mai yanke sautin da ya yi ƙasa sosai, a 28Hz, ɗan ƙasa da inda aka daidaita akwatin, don fatar kada ta riƙa lilo a banza.

Abin da ya rage ya ba ni mamaki. Bayan duk wannan, muryar mawaƙi ba ta tsaya a tsakiyar dashbod ba, tana yawo, ganga kuma ba ta da nauyi a gaba. Na karkata sauti duk zuwa hagu, bes ya ƙaru. Na kai dama, haka. Na dawo tsakiya, ya ragu. Wannan alama ce ta cewa an juya wayar sifika ɗaya, tana turawa ɗayar tana ja, suna kashe wa juna ƙarfi. Na zare wayoyin daga amfilifaya, na taɓa kowace da ƙaramin batir na volt 1.5, taɓawa ɗaya a saki: in fozitif ya haɗu da fozitif, fatar waje take fitowa. Ta ƙofar dama ciki ta shige. Kada a yi wannan da tuwita. Na juya wayoyin, murya ta dawo tsakiya. Maɓallin 0 da 180 na wufa kuma, mai juya turawa da jan fatarta, daga kujerar direba ake zaɓarsa, wani yana juyawa a but kana saurare da sautin 80Hz, wanda ya fi cika shi ne daidai. A tawa 180 ne.

Saura kakkarwar lambar mota a murfin but, wadda soso mai gam a bayanta ya kashe. Tsohuwar wufar tana nan ban yar ba, koyil ɗinta ɗaya yana aiki. Notin kujerar kuma na mayar da shi yadda yake, in an ɗaga kafet har yanzu ana ganin zagayen da kan wayar ya bari a kan fentin, ko ƙwarzane bai yi ba.