Wa ke zuwa ɗauko fayil ɗin?

Mu huɗu ne a wannan ɗan kamfani, ni da yara uku, kuma abincinmu yana cikin kula da kwamfutocin mutane: makarantun kuɗi, cibiyoyin da ake koya wa ɗalibai jarrabawa ta kwamfuta, da 'yan ofisoshi a cikin Kano. Da can da filas muke bin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Ɗaki mai kwamfuta 40 yakan cinye mana yini biyu. Shi ya sa na koma wa Ansible, wata manhaja da ke aika umarni ga kwamfutoci da yawa a lokaci ɗaya. Manhajojin duka muna tara su a folda ɗaya a kan saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, in rubuta umarni sau ɗaya, kowace kwamfuta ta je ta ɗauko ta girka da kanta.

Ranar da aikin ya fara ba ni wuya, a wata cibiya ce da ke shirin karɓar ɗalibai washegari. Na saki umarni bayan la'asar, sai allon ya cika da jan rubutu daga sama har ƙasa. Kowace kwamfuta ta dawo da lamba 1619, wato Windows ta kasa buɗe fayil ɗin girkawa. Babban yarona ya zauna gaban ɗaya daga cikinsu, ya buɗe foldar, ya danna fayil ɗin, ya girku lafiya lau. Ya juyo ya ce, "Oga, ai ga shi yana yi. Da hannu yana yi."

Wannan maganar ta "da hannu yana yi" ita ke ɓatar da masu irin aikinmu. Da yaron ya zauna ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, saba ta san ko shi wane ne, ta buɗe masa ƙofa. Amma Ansible ta hanyar WinRM yake shiga, ƙofar da Windows ke karɓar umarni daga nesa, kuma idan da NTLM aka tantance shi, wato tsohon tsarin Windows na tabbatar da mai shiga, kwamfutar takan yarda da shi a kanta kawai, ba ta riƙe da kalmar sirrin da za ta gabatar a gaba. Idan ta taka zuwa saba sai ta isa hannu rabbana, ba suna ba shaida, a kore ta. Kamar ka aiki yaro sito ne ba tare da takardar maigida ba. Mai gadi ya san ka, amma bai san shi ba.

Akwai kuma kuskuren da ni na yi. A umarnin na rubuta Z:, harafin da muka saba laƙa wa foldar. Wannan harafi na wanda ya shiga ne shi kaɗai, a zaman da ya yi. Aikin da ke gudana a bayan fage ba ya ganinsa sam. Na goge shi na sa cikakken adireshin saba da sunan folda.

Hanyoyin warware matsalar farko, ta rashin shaida a gaban saba, suna da yawa. Ana iya kunna CredSSP, wani tsarin tantancewa da ke barin kwamfuta ta gabatar da shaidarka a gaba, sai dai yana miƙa kalmar sirrin mai gudanarwa ga kowace kwamfuta, ni kuwa ban yarda da hakan ba a ɗakin da ɗalibai ke shiga suna fita. Na zaɓi in sa aikin ya gudana da asusun SYSTEM, wato asusun da Windows kanta ke aiki da shi. Shi idan ya fita netwok, da sunan kwamfutar kanta yake zuwa, sunan da ke ƙarewa da alamar dala. Saboda haka dole a ba rukunin kwamfutocin izinin karantawa a wuri biyu: a kan rabon foldar, wato ƙofar da ake shiga ta netwok, da kuma a kan fayilolin da ke cikin faifai. Ka ba ɗaya ka mance ɗaya, wanda ya fi tsauri shi ke aiki.

Na sake saki bayan magariba. Talatin da huɗu suka yi kore. Biyu suka ba da 1618, wannan ba komai ba ne, Windows ce ke kan girka wani abu daban, jira kawai ake yi. Huɗu suka ƙi fur.

Su ne suka tsare mu har bayan isha'i. Izini daidai, adireshi daidai, waya a jone. Ƙaramin yarona ne ya leƙa kusurwar allo ya ce, "Oga, wannan agogon ai ba na yau ba ne." Kwamfutocin 'yan gwanjo ne, ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu tuni. Duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tada janareta, agogonsu sai ya rikice. Kerberos kuwa, tsarin da saba ke tantance kwamfutoci da shi, a yadda ya zo, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da saba. Muka daidaita agogon, huɗun suka girku nan take.

Mai cibiyar ya tambaye ni ko ya sayi sabuwar saba. Na ce masa, "Alhaji, sabarka lafiyarta ƙalau, batiri huɗu za ka saya." Da sassafe, kafin ɗalibai su iso, yaron ya koma ya buɗe akwatunan ya canja su.