Ni da Auta da wuƙar Umma

Talata da daddare.

Tun safe babu wuta, wayata saura kashi 12 ina ta lallaɓa ta, sai ga Auta ta shigo fuska a murtuke wai malamin lesin ɗinsu ya cika mata takarda da jan biro. Na karɓa na duba, wallahi kusan rabin gyaran abu ɗaya ne, inda ya kamata ta sa "the" bata sa ba, inda babu ruwansa kuma ta lafta shi. A sama ta rubuta "I went to the Kano", can ƙasa kuma "Sun is hot today". Ga WAEC na ta matsowa.

Tace Yaya ni fa ban ga amfanin kalmar nan ba, mu ai bamu da ita a Hausa kuma muna maganarmu lafiya lau. Har na buɗe baki zan ce haka ne, sai Umma ta ƙwala mata kira daga kicin, ke Auta miƙo min wuƙar. Na riƙe hannunta nace tsaya, me Umma tace, wuƙa ko wuƙar? Tace wuƙar. Nace wacce a ciki, ai guda uku ne a gidan nan. Tace ai na sani, wadda na fere dankali da ita ɗazu. Nace to shikenan kin gama, wannan r ɗin shi ne "the". Da cewa tayi miƙo min wuƙa, duk wadda hannunki ya kai ta wadatar, wato "a knife". Tunda tace wuƙar, ke da ita kun san wadda ake nufi, "the knife". Mu a wutsiya muke liƙa shi, su Turawa a gaba suke ajiyewa. Namu ma yafi nasu aiki, sai ka duba namiji ne ko mace ko jam'i, gidan, motar, yaran, wani lokacin ma kace biro ɗin, su kuwa ƙwaya ɗaya ce tal ke yi musu komai.

Ta yi shiru sai kuma ta kwashe da dariya, ni kaina sai da naji kamar in ba kaina maki, shekara nawa ina karatun Turanci ban taɓa haɗa su haka ba.

To amma daɗin bai daɗe ba. Muna zuwa kan rana kwatancen ya fara ɗingishi, don mu rana ta fito muke cewa babu wani r, su kuma dole "the sun" tunda ɗaya ce kowa ya santa, haka "the moon", haka "the best". Sunayen wurare kuwa nan ne rigimar. Garuruwa da yawancin ƙasashe basa ɗauka, shi ya sa Kanonta ta sha jan biro. Koguna suna ɗauka, kogin Kwara "the Niger" ne amma ƙasar Nijar "Niger" kawai. Hamada "the Sahara", tafkin Chadi kuma "Lake Chad" babu komai a gabansa. Sai ga Gambiya da Amurka da Holan sun zo da nasu, "The Gambia", "the United States", "the Netherlands". Tace to Yaya shi tafkin me yayi musu? Nace wannan ki haddace shi kawai kamar yadda kika haddace sau-sau a firamare.

Wanda ya fi burge ta na makaranta ne. Ita in ta tafi ɗaukar karatu "go to school" ne, amma Baba ranar da yaje biyan kuɗinta "he went to the school", don shi ginin yaje ba karatu ba. Asibiti ma a Ingila mara lafiya yana "in hospital", a Amurka kuma "in the hospital" suke cewa, nace ta bi na Ingila tunda shi ake koyarwa a ajinsu.

Na ƙara mata da furuci, gaban wasali ana jan "the" ɗin, kuma sauti ake bi ba harafi ba, "hour" da wasali ya fara duk da h ɗin, "university" kuma da y. Ita dai har yanzu "za" take cewa maimakon "the", na sa ta saka harshe tsakanin haƙora, tace kamar mai tsamin baki. Na tuna mata abun da aka gaya mana a aji, a Jami'ar Brown ta Amurka sun tara kalmomi kusan miliyan ɗaya daga rubuce-rubucen 1961, "the" kaɗai ta cinye kusan kashi 7 cikin 100, don haka babu inda zata gudu.

Muna cikin haka sai ga Umma a bakin ƙofa hannu duk tumatir, tace ku da Turancinku, wuƙar fa? Ashe tana kan tabarma ƙarƙashin littafin Auta tun ɗazu. Tuwon dare sai bayan isha'i muka ci, faɗan kuma ni aka fi yi wa wai ni ne babba.