Yau na fara horar da sabon takalmina

Talata da dare.

Yau dai na samu na fito da sau-cikin nan daga kwali, na fata ne baƙi, kuma duk wanda ya san sabuwar fata yasan tauri gareta musamman ta wajen dunduniya. Ban fita dashi ko'ina ba, a cikin gida na saka shi da safa mai kauri, nayi ta kai-komo ina tsugunnawa ina miƙewa don ya lanƙwasu ta wajen yatsu, wajen rabin awa haka sai naji bayan ƙafata ta dama ya fara ɗumi, nan take na cire. Wannan ɗumin shine farkon bororo, gogar da takalmi ke yiwa fatar ƙafa ne in ya haɗu da zufa sai ruwa ya taru a ƙarƙashi, shi yasa da na sake sakawa da rana sai da na manna filasta a wajen tukunna, na shafa basilin kaɗan a ɗan ƙaramin yatsa. Sannan na riƙe bayan takalmin da hannu nayi ta murzawa har ya ɗan yi laushi.

Ƙanina ya shigo ya ganni yace "Yaya ai ka daure kawai ka yini dashi, da kanshi zai saki." Nace masa a'a wallahi, ƙafa ce zata fara sakewa kafin takalmin, kuma in bororo ya fashe ka koma ɗingishi ba takalmin ba tafiyar. Abinda mutane basa ganewa, fata tana buɗewa ne ta faɗi, amma tsawo baya ƙaruwa, in yatsanka yana tokarar gaba to takalmin yayi maka kaɗan kenan, babu wata dabara sai canji. Nawa alhamdulillah akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, don da yamma na gwada shi lokacin saye, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, kuma na gwada duka biyun tunda yawancin mutane ƙafa ɗaya tafi ɗaya girma.

Gefen da ke matse ni ne ya rage, sai na ɗauko handiraya, wato na'urar busar da gashi, ina sanye dashi da safar na hura masa zafi kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 ina motsa yatsuna, ban cire ba sai da ya huce a ƙafata, bayan nan na shafa masa man takalmi don zafi yana busar da fata. Gaskiya ya saki sosai. Amma fa wannan na fata ne kawai, na roba baya buɗewa haka kuma zafin yana iya sakin gam ɗin.

Abin ya tuna min da Baba, shi da yake da ciwon suga ba koyaushe yake jin zafi a ƙafa ba, takalmi zai iya ji masa ciwo bai sani ba kuma ciwon baya saurin warkewa. Na kira shi nace Baba don Allah in kun saka sabon takalmi ku riƙa duba ƙafarku bayan kun cire, har tsakanin yatsu, yace to.

Gobe in Allah ya kaimu zan fita dashi amma ba nisa ba, da filastata a aljihu, tsohon kuma yana cikin jaka ko da zan buƙata.