Hannun ɗaukar buhu: sai ya yi aiki a kwamfuta kafin mu yanka ƙarfe

Ƙaramin wurin ƙira ne muke da shi a gefen Kura, kuma yawancin masu kawo mana aiki masu injin casar shinkafa ne daga Kura, Bunkure da Garun Malam. Abin da ake yawan tambaya yanzu shi ne hannun ƙarfe mai sarrafa kansa, wanda zai ɗauki buhu mai kilo 50 daga bakin injin ɗinki ya jera a kan katako. Ƙarfe da motar lantarki mai juya gaɓa da giya mai rage gudunta sun yi tsadar da ba a gwaji da su. Don haka hannun yakan fara rayuwa a kwamfuta.

Zanen muna yin sa a FreeCAD, manhajar zanen injiniya, wanda kyauta ne. Kowane sashe daban: gindi, kafaɗa, damtse, sangali, da maƙamar buhu. Gaɓa huɗu ta isa jera buhu. Shida ɓarnar kuɗi ce. Kafin a fitar da kowane sashe a matsayin fayil ɗin STL, mai ɗauke da siffarsa, sai a ɗora tushen ma'auninsa daidai kan tsakiyar gaɓar da yake juyawa a kai. Wanda ya tsallake wannan zai ga damtse yana shawagi nesa da kafaɗa.

Sai rubuta URDF, fayil ɗin da ke faɗa wa ROS 2 (manhajar sarrafa mutum-mutumi) da Gazebo (manhajar gwada motsinsa a kwamfuta) wane sashe ke maƙale da wane. Mu nau'in ROS 2 mai suna Jazzy muke amfani da shi tare da Gazebo Harmonic a kan Ubuntu 24.04, tunda an daina kula da tsohon Gazebo Classic a Janairun 2025. URDF mita ya sani, da kilo, da radiyan (ma'aunin kusurwa). Zanenmu kuwa milimita ne, don haka sai an ninka girman STL da 0.001, in ba haka ba hannu ya fito ya ninka girmansa sau dubu. Iyakar gaɓa ma haka: digiri 90 shi ne 1.57. Ka rubuta 90, ka ba gaɓar izinin zagayawa sau goma sha huɗu.

Inda ake shan wuya shi ne nauyi. Kowane sashe na buƙatar nauyinsa, da inda cibiyar nauyin take, da yadda ya rarrabu. Ana lissafa su da nauyin ƙarfe, kilo 7,850 a kowace mita kubik, sannan a ƙara na mota da giya da boris. Mai ƙiwa yakan cika gurbin da ƙananan lambobi barkatai, sai ya kunna Gazebo hannun ya kama karkarwa kamar mai masassara, ko ya tarwatse. Siffar da manhaja ke lissafin karo da ita kuma kada a ba ta cikakken zane mai ramin kowane noti. Akwati da silinda sun wadatar, kwamfutar ofis ma za ta ja.

Akwai wata matsala ta irin wannan hannun. Don buhu ya tsaya a kwance yayin ɗagawa, ana haɗa sanduna bibbiyu a jere, su rufe kamar firam ɗin ƙofa. URDF kuwa tsarin bishiya ne, reshe ba ya komawa ya haɗu da wani reshe. Ko dai a sa gaɓa ɗaya ta riƙa kwaikwayon kusurwar ɗaya, ko a koma SDF, tsarin fayil na Gazebo, da ke yarda da rufaffen haɗi. Ta farko ta fi sauƙi, amma ba za ta nuna maka nauyin da ke kan sandar baya ba. Wannan sai da biro da takarda.

Lissafin da ke zaɓar mota ga shi: buhu kilo 50, maƙama kilo 20, hannu a miƙe mita 1.5. Ƙarfin murɗawa a kafaɗa ya kai kusan nuton-mita 1,030, ba a sa nauyin hannun kansa ba, ba a sa fizgar tashi ba. Da giya mai rage gudu sau 100, mota na buƙatar sama da nuton-mita 10. Mukan sa MoveIt, manhajar tsara motsin hannu, ya jera katako guda cur, mu duba buhun ƙarshe na kusurwar nesa, don a nan mota ke fin wahala.

Kwamfuta tana ɗaukar buhu kamar bulo, alhali shinkafa na zamewa gefe, buhu ya lanƙwashe a maƙama. Ba ta san lakon haƙoran giya ba, ba ta san buntu da ƙurar hunturu da ke shiga boris ba, balle zafin Afrilu ko faɗuwar wuta idan janareta ya ɗauki lodi. Shi ya sa maƙamar kaɗai muke fara ƙerawa, mu rataye ta da sarƙa, mu ɗaga buhu na gaske sau da yawa, sannan mu mayar da nauyinta na sikeli cikin URDF mu sake gwadawa.