Farautar ɓurɓushin burodi a Stamford Hill

Ranar da na fara shiga gidan Bayahudiya da bokiti da mofa, na ɗauka matar raina mini hankali take yi. Na gama goge kicin fes, kana iya ganin fuskarka a jikin tayil, sai ta zo ta miƙo mini tsinken sakace, ta nuna kujerar da ake zaunar da jaririnta in za a ba shi abinci. Wai in bi duk wata tsaga da ke jikin kujerar in ƙwaƙulo abin da ya maƙale. Na dube ta, na dubi tsinken. Da a Kano ne da na ce baiwar Allah nemi wata. Amma kuɗin haya na jirana, sai na durƙusa. Abin da na fitar daga kujerar nan ya kusa cika cokalin shayi: busasshen biskit, ɓawon burodi, wani abu da ban san asalinsa ba. Ta karɓa a tishu kamar wadda aka ba kunama.

Yanzu ina da ɗan kamfanin shara da goge-goge a arewacin Landan, mu shida ne a kullum, da mota ɗaya. Amma daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu sai na ɗauki ƙarin hannu mu ninka, domin a makonni huɗun nan muke samun abin da ke riƙe mu har rani ya shigo. Dalilin kuwa bikin da Yahudawa ke kira Pesak, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kira Idin Ƙetarewa, wato tunawa da fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna ƙarƙashin jagorancin Annabi Musa. Labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ban sani ba kafin in zo nan shi ne sun ce an fita cikin gaggawa har ƙullin gurasa bai samu ya tashi ba, don haka kwana takwas na bikin (bakwai ne a Isra'ila) ba sa cin duk abin da suke kira hamez. Hamez shi ne alkama ko sha'ir ko danginsu uku da ruwa ya taɓa aka bar shi ya wuce minti 18 ba a gasa ba. Burodi, taliya, biskit, kek, har wiski da ake yi da sha'ir. Kuma ba cin ne kaɗai aka hana ba, mallakarsa ma haramun ne a wurinsu a kwanakin. Nan sana'ata ta samo asali.

Na daɗe ina yin aikin a matsayin shara kafin in gane ba shara ba ce. Wata dattijuwa, matar wani rabbi, wato malamin Yahudawa, wadda duk unguwar ke kira rebezin, ita ta buɗe mini ido. Ta same ni a kan tsani ina goge saman labule, ta ce in sauko. "Ƙura ba hamez ba ce," in ji ta, "wa ya taɓa cin burodi a saman labule?" Ashe magana ce da suke yawan faɗa wa juna. Sai abin ya faɗo mini: ai bambancin datti da najasa ne. Riga na iya yin duƙun-duƙun da ƙasa a yi salla da ita, wata kuma fara tas amma ɗigon fitsari ya hana. Daga ranar na canza yadda nake koya wa sababbin ma'aikata. Ba na ce musu su nemi inda ya yi datti. Cewa nake su yi tunani kamar yaro ɗan shekara uku riƙe da biskit: ina zai je, ina zai cusa ragowar? Aljihun kwat, ƙarƙashin katifa, cikin akwatin kayan wasa, keken jarirai, tsakanin kushin, ramin da bel ɗin mota ke shiga. A unguwar Stamford Hill da ke arewacin Landan, inda aka ce nan ne Yahudawa masu tsananin riƙo da addini suka fi yawa a duk Turai, gida mai yara bakwai ko takwas ba abin mamaki ba ne. Ka lissafa aljihu nawa ke nan.

Kuma wata guda cif kafin Pesak suna da wani bikin, Purim, wanda ake aika wa maƙwabta kwandunan kek da alewa, yara su bi gida-gida suna ci suna zubarwa. Ni dai a raina nakan ce wanda ya jera bukukuwan nan biyu haka ya tausaya wa masu sana'ata. Washegarin Purim wayata ke fara ruri.

Kicin shi ne uwar aikin. Ko a ranakun da ba biki, gidajen nan suna raba kayan nama da na madara: wurin wanke-wanke biyu, soso biyu, galibi ja na nama, shuɗi na madara, kuma in ka haɗa su ka jawo wa matar gida asara. To a Pesak akwai wasu tukwane da kwanuka na daban da ke kulle a sama ko a ɗakin ƙasa shekara guda, sai an gama tsarkake kicin ake sauko da su. Mu namu shi ne mu fitar da komai, mu ja firji da murhu, mu kwance robar ƙofar firji, mu kankare obin da maganin da ke cin hannu ko ta cikin safar roba. Sauran na masu gida ne: su zuba tafasasshen ruwa a wurin wanke-wanke na ƙarfe, su ƙona ƙarafan murhu har su yi ja, sannan a lulluɓe kanta da takardar alminiyam mai kauri a manne da salatif. In an gama kicin ya koma kamar cikin gwangwani. Masu hali kuwa sun huta, suna da kicin na biyu da ba a buɗe shi sai Pesak.

Aikin majami'a, wadda su ke kira shul, daga baya ya zo, kuma shi na fi so duk da ribarsa ba ta kai ta gidaje ba. Mutum zai ce me zai kai burodi wurin ibada? Ai kuwa duk Asabar bayan addu'a ana zama a zauren baya a ci kek da kifi, akwai kuma dattijon da aljihunsa ba ya rabuwa da alewar yara. Kowane mazauni yana da ɗan akwati a gabansa inda mutum ke ajiye mayafin addu'arsa da littattafai, kuma abin da muke tsinta a ciki Allah kaɗai ya sani. Littattafan da ake karantawa a kan teburin abinci akan kwashe su a kulle, sauran a kakkaɓe su shafi-shafi. Kwana biyu ko uku kafin biki sai a kafa wata ƙatuwar tukunya a tsakar gidan majami'ar, ruwa na tafasa, mutane su yi layi da cokula da kofunan azurfa a cikin raga ana tsomawa ana fitarwa. Tururi, hayaniya da harshen Yidish, yara na kutsawa ta ƙafafun manya. In ka rufe ido sai ka ce gidan biki ne ana dafa shinkafar ɗaurin aure.

A nan ne kuma na kusa rasa kwangilar gaba ɗaya. Wani yaro da na ɗauka aikin kaka, ɗalibi ne, mai ƙwazo har ya yi yawa, ya ga tarin tsofaffin takardu da rubutun Ibrananci a wani lungu, yagaggu, wasu sun ci ruwa. Ya tattara ya zuba a baƙar leda tare da shara ya kai waje. Mai kula da majami'ar ya zo yana neman su, fuskarsa ta yi fari fat. Takardu ne masu ɗauke da sunan Allah, ba a jefar da su, tarawa ake yi a kai maƙabarta a binne. Wallahi kunya ta kama ni fiye da tsoro, domin ni ce ya kamata in faɗa masa, ni da na tashi a gidan da in an ga yagaggen shafin Alƙur'ani a ƙasa sai an ɗauka an sa a tsagar bango. Muka zazzage leda tara a bakin titi cikin yayyafi, muna tsince su ɗaya-ɗaya. Mutumin bai ce mini komai ba sai da muka gama, sannan ya kawo mana shayi a kofin roba. Tun daga lokacin dokar farko da nake ba kowane sabon ma'aikaci ita ce: takarda mai rubutun da ba ka iya karantawa, ajiye ta a kan tebur. Ta biyu: ko biskit ɗaya kada ya shigo a aljihunka. Ta uku ta injin zuƙe ƙura ce, sabuwar jaka a kowane gida, don ba a shiga gidan da aka tsarkake da ɓurɓushin gidan wani.

Shekarar 2023 ta zo mana da wani abu. Azumi ya kama a 23 ga Maris, Pesak kuma daren 5 ga Afrilu, wato mafi nauyin aikin duk a cikin Ramadan muka yi shi. Jan firji da ƙishirwa ba wasa ba ne. Amma matan unguwar da suka gane yawancinmu ba ma kai komai baki daga asuba har faɗuwar rana, sai suka riƙa neman mu da suna. Wata ta ce mini ba ta taɓa samun kwanciyar hankali da masu aiki irin na bana ba. Da magariba ta yi, wajen bakwai da rabi bayan an canza agogo, a cikin mota muke shan ruwa, da dabino da ruwa kawai, sambusa sai an tashi. Ita rebezin ta riƙa ajiye mana dabino a bakin ƙofa. Haɗuwar ba ta daɗewa, don su suna ƙara wata guda a kalandarsu sau bakwai cikin kowace shekara 19 saboda bikin ya tsaya a lokacin da itatuwa ke toho, namu azumin kuwa yana ta zagayawa.

Kada in sa a ɗauka duk riba ce. A 2020 an kulle Ingila a 23 ga Maris, mako biyu da 'yan kwanaki kafin biki, na riga na sayi kaya na ɗauki mutane, duk aka soke. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan kuma ranar 1 ga Afrilu yake tashi, tsakiyar kakata, bayan na gama yin ciniki da mutane tun Fabrairu. A 2025 ya koma fam 12.21 a awa. Tsohuwar motata mai shan dizal sai da na rabu da ita saboda fam 12.50 na harajin hayaƙi a kullum. Ga ciniki. Duk wanda ya ce Bakano ya iya tayi bai zauna da uwar yara tara da ke lissafin kuɗin maza da nama da sababbin takalma ba. Maza ita ce busasshiyar gurasar da suke ci a bikin, kuma wadda aka yi da hannu tsada gare ta. Sannan da zarar biki ya shiga, kwana biyun farko ba mai taɓa waya ko kuɗi, wanda bai biya ka kafin nan ba sai ka yi haƙuri.

Dole kuma a gama a kan lokaci, ba a cewa gobe. Daren jajibiri maigida ke bin ɗakuna da kyandir da gashin tsuntsu da cokalin katako yana neman hamez, yara sun ɓoye masa gutsattsari goma don kada ya fito hannu rabbana, da safe a ƙona su. Abin da ya yi yawa ko ya yi tsada a zubar, sai a kulle shi a kabad, rabbi ya sayar wa wanda ba Bayahude ba da takarda da sa hannu, bayan biki a saye shi a dawo da shi. A Isra'ila shekara da shekaru wani Balarabe Musulmi daga garin Abu Gosh ne ke sayen na gwamnati. Ni ba a taɓa sayar mini ba, kyauta ake ba ni: kwalayen taliya da biskit da ba a buɗe ba, in cika mota in kai masallacinmu a raba.

Sau biyu na ga cin abincin daren farko da suke kira seder, a wata majami'a da ke wajen unguwar Golders Green wadda ke shirya wa tsofaffi da marasa iyali, mu muna kwashe kwanuka. An gargaɗe ni tun farko kada mu taɓa kwalbar inabi da aka buɗe, na ce ai kun huta, mu ma ba ma so. Ƙaramin yaro ya miƙe ya rera tambayoyi huɗu kan me ya bambanta daren nan da sauran darare, aka tsoma ganye a ruwan gishiri don tuna hawaye, aka ci wani farin saiwa mai yaji da ke hawa hanci, wani tsoho ya yi ta tari ana dariya. An cika kofi ɗaya an ajiye wa Annabi Ilyasu, aka buɗe masa ƙofa. Can wajen sha ɗaya wata mata ta zo kusa da ni tana cewa, kamar da bango take magana, "Kicin ɗin nan akwai duhu." Sau uku tana faɗa kafin in tuna ba su da izinin kunna wuta a ranar, ba kuma sa iya cewa kai tsaye in kunna.

Daren da biki ya ƙare, gidajen burodin unguwar kan buɗe, layi har kan titi. Washegari mukan koma wasu gidajen mu ɓare alminiyam, mu kankare gam ɗin salatif, mu mayar da kwanukan Pesak sama. Bara ina durƙushe ina wannan kankara a gidan matar nan mai tsinken sakace, sai ga autanta ya shigo da burodi a hannu, ya haye tsohuwar kujerar, ya gutsura, ya tura ragowar cikin tsagar da yatsa.